Me ya sa sautin da ya burge ka a shago ya lalace a falonka?

Watannin baya yayana ya kira ni a waya ransa a ɓace. Ya daɗe yana tara kuɗi, ya je kasuwa ya sayo amfilifaya da manyan lasifikoki biyu, irin kayan da ake kira hi-fi, wato masu fitar da sauti kusa da yadda aka ɗauke shi. A shago ya gwada, komai tas. Da ya kawo gida ya jona, ganga ta koma rugugi, muryar mawaƙi ta nutse, in ya ƙara murya kuma kunne ya ɗau zafi. "Wallahi sun sauya min kaya," in ji shi.

Da na je na duba, kaya lafiyarsu ƙalau. Falon ne. Ƙasa tayil, bango siminti babu komai a jiki, lasifika ɗaya a kusurwa, ɗaya a bayan kujera, kujerar da yake zama kuma ta manne da bango. Ko kwabo ba mu kashe ba. Mun ja kaya, mun aro kafet daga ɗakin matarsa, mun sake zama. Waƙar farko ba ta kai rabi ba ya daina maganar mayar da kaya.

Ni ɗalibin fiziks ne, kuma abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutu guda ɗaya ne: sautin da ke shiga kunnenka a falo, lasifika da ɗaki ne suka haɗu suka yi shi. Lasifika ka saya da kuɗi. Ɗakin kuwa yawanci da hannunka za ka gyara.

Sauti yana da tsawo

Sauti kaɗawar iska ce. Fatar lasifika tana gaba tana baya, tana tura iska, iskar ta tura ta gabanta har ya iso kunnenka. Yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda, ya ɗan ƙara sauri idan gari ya yi zafi. Yawan kaɗawa a sakan guda shi ake aunawa da hatz, ana rubuta shi Hz. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga wajen Hz 20 zuwa 20,000. Ƙasa-ƙasa nan ne bes yake, sauti mai kauri irin na tambari da babbar ganga. Can sama kuma siririn sauti ne, irin na kacau-kacau da ƙarshen harafin "s".

Idan ka taɓa kama tasha a rediyo mai gajeren zango ka ji ana cewa "mita 19", to ka san igiyar rediyo tana da tsawo. Igiyar sauti ma haka. Raba 343 da yawan hatz, ka samu tsawonta. Sautin Hz 10,000 bai wuce santimita uku da rabi ba. Na Hz 50 kuwa ya kusa mita bakwai, ya fi yawancin falukanmu tsawo. Wannan bambanci ne tushen komai. Siririn sauti yana tafiya kusan a miƙe kamar hasken tocila, kujera ma tana iya tare shi. Bes kuwa cika ɗaki yake yi, ya zagaye kaya, ya ratsa bango.

Bango yana mayar maka da magana

Tsaya tsakiyar falonka ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani "zirrr" ya biyo baya, amsa-kuwwa ce ke kai-komo tsakanin bangaye biyu. Abin da ke faruwa da tafinka shi ke faruwa da kowace kalma ta mawaƙi: kafin ta mutu, ta gaba ta hau kanta.

Wanda ya fara auna wannan a kimiyyance shi ne Wallace Sabine, matashin malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani ɗakin lacca da ba a gane abin da malami ke faɗa, don kalma takan yi fiye da sakan biyar tana yawo. Cikin dare yake aiki, da agogo da bututun busa, ana ɗebo masa matasan kujeru daga wani ɗakin taro na kusa, yana ƙara su yana auna yadda amsa-kuwwar ke raguwa. Ya gano cewa daɗewar sauti tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abubuwa masu laushi da ke shan sa. Da wannan lissafi aka tsara babban ɗakin kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. A falon gida, ana son sauti ya mutu cikin kusan rabin sakan.

Ka ga ke nan maganin Sabine yana gidanka: kafet mai kauri tsakaninka da lasifikoki, labule mai nauyi a taga, kujerun kushin, kantar littattafai. Wuraren da suka fi buƙata su ne inda sauti ke fara dukan bango kafin ya iso ka. Ga dabarar gano su. Zauna a kujerarka, ka sa wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a madubin, nan ne. Rataya labule ko darduma mai kauri a wurin. Amma kar ka lulluɓe ɗakin gaba ɗaya, don ɗakin da ya shanye komai yana sa kiɗa ya yi lami.

Matsalar ɗaki sha biyu da sha biyu

Labule ba ya maganin bes, igiyarsa ta yi masa tsawo. Kuma a nan ne ɗaki ya fi yin katsalandan.

Idan tazarar bangaye biyu ta yi daidai da rabin tsawon wata igiya, mai tafiya da mai dawowa sukan haɗu su tsaya wuri guda. A jikin bango sautin ya kumbura, a tsakiyar ɗaki ya kusa ɓacewa. Lissafin mai sauƙi ne: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗauki ɗakin da maginanmu suka fi yi, ƙafa 12 da ƙafa 12, wato mita 3.66. Amsar ita ce wajen Hz 47, sannan 94, sannan 141. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ta ninka a kan waɗannan sautuka. Shi ya sa za ka ji wani bugun ganga yana girgiza taga, na kusa da shi kuma kamar ba a buga ba.

Gwada da kanka. Sa waƙa mai bes, ka taka a hankali daga bango zuwa tsakiya. Za ka ji bes yana raguwa, alhali ba wanda ya taɓa amfilifaya. Don haka kar ka zauna a jikin bango, kar kuma ka zauna a tsakiya cif. Wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin ya fi. Idan falon ƙarami ne, ko rabin mita ka ja kujerar gaba za ka ji canji.

Lasifika ma haka. Kusa da bango bes ɗinta yana ƙaruwa, a kusurwa ya fi ƙaruwa. Masu shago sun san wannan. A gida, fara da barin kamar rabin mita tsakaninta da bangon baya, sannan ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan kana saurare. In kana da wufa, akwatin nan na bes zalla, ɗora shi a kujerar da kake zama, ka zagaya gefen ɗakin a tsugunne. Inda ka ji bes ya fito sumul, nan za ka ajiye shi. Ba dole ya zauna a tsakiya ba, don ƙasa da wajen Hz 80 kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito.

Kai da lasifikoki biyu, kamar duwatsun murhu

Me ya sa biyu? A 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar fasahar sitiriyo. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti yake ta hanyar kwatanta abin da kunnen dama da na hagu suka ji, wanne ya riga, wanne ya fi ƙarfi. Idan lasifikoki biyu suka fitar da murya ɗaya, ƙarfi ɗaya, lokaci ɗaya, za ka ji mawaƙin a tsakiyarsu, inda babu lasifika ko ɗaya. Amma da ɗaya ta fi kusa da kai ko da taku guda ne, duk sautin sai ya karkata wajenta.

To ka jera kanka da su kamar duwatsun murhu uku. Idan tsakaninsu mita biyu ne, kai ma ka zama mita biyu daga kowace. Ƙaramar lasifikar nan ta sama, mai fitar da siririn sauti, ta yi daidai da kunnenka a zaune. Ɗan karkato su su dube ka. Kar ka ɗora su can kusa da silin, kar kuma ka cusa su cikin kanta.

Duba wayoyi ma. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a ɓangarorin biyu. In ka juya ɗaya, fatar wannan tana turawa ta waccan tana ja, bes ya kashe juna, murya ta rasa wurin zama.

Zancen wat 5,000

Ka sha gani a kwali: 5000W PMPO. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha. In ta ce wat 60, to ba yadda za ta yi ta riƙa fitar da 5,000, don na'ura ba ta bayar da abin da ya fi wanda ta ci. PMPO adadin talla ne. Wanda za ka nema shi ne mai RMS a gefe, ko wanda aka ce na ci gaba ne.

Kuma ba ka buƙatar da yawa. Lasifikar gida da aka saba gani tana ba da wajen desibel 87 da wat ɗaya tak, a nisan mita guda. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ƙari ne ɗan kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat sau goma. Wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishi yawancin faluka. Abin kula shi ne idan ka murɗa har sauti ya fara tsagewa. Amfilifaya ta kai iyakarta ke nan, kuma wannan tsagaggen sauti shi ke ƙona ƙananan lasifikokin sama. Haka nan ka duba om. In an rubuta 4 zuwa 8 a bayan amfilifaya, kar ka haɗa lasifika biyu masu om 4 a baki ɗaya, don sun koma om 2, za ta yi zafi.

Sai halin wutarmu. Sa sitabilaiza. In an ɗauke wuta, kashe kayan kafin a dawo da ita ko a tada janareta. Amfilifaya ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Bar mata sarari ta sha iska, kuma da hunturu ka riƙa share ƙurar da ke toshe ramukanta.

Kunnenka da maƙwabcinka

Akwai kayan da ba a sayar da su a kasuwa. A cikin kunnenka akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ke mayar da kaɗawa saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi: 83 awa 20, 86 awa 10, 95 kuwa awa ɗaya da kwata ne a mako gaba ɗaya. Yara sun fi buƙatar kariya. In sai ka ɗaga murya wanda ke gefenka zai ji ka, ko kunnenka na ƙara bayan ka kashe, ka wuce gona da iri.

A gidan haya kuma, abin da maƙwabci ke ji cikin dare bes ne, don shi ke ratsa bango. Manna kiret ɗin ƙwai ba zai hana ba. Nauyin bango da toshe kafofin ƙofa da taga ne ke tare sauti, kwali kuwa ba shi da nauyi. Abin da za ka iya yi shi ne ka janye wufa daga bangon da kuka haɗa, ka rufe ƙofa, ka rage murya. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ya fi rasa bes a kan sauran. Wannan ne amfanin maɓallin da aka rubuta wa Loudness a wasu amfilifayoyi: yana ɗan cike gurbin bes ɗin don kiɗa ya yi daɗi a hankali, ba sai ka tashi unguwa ba.

Ɗakin da aka gyara ma yana rage maka sha'awar murɗawa. Sau da yawa mutum na ƙara murya ne don bai ji kalmomi sosai ba, ba don ƙarar ta yi kaɗan ba.

Kafin ka sake zuwa kasuwa, ba falonka awa guda ranar Asabar. Zaɓi waƙa ɗaya da ka sani ciki da bai, mai murya a fili da ganga. Canza abu ɗaya, ka saurara, sannan ka canza na gaba. In ka samu wurin da mawaƙin ya tsaya cak a tsakiya, sa ɗan salatif a ƙasa ka yi alama, saboda ranar shara.