Walƙiyar gamma: yadda ake gano ta da auna ta

Abin da Faransawa ke kira « sursaut gamma » mun ba shi sunan walƙiyar gamma, don kamar walƙiyar damina yake: ya haskaka ba zato, ya ɓace. Hasken gamma ɗan'uwan hasken X ne da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, amma ya fi shi ƙarfi ƙwarai. Ido ba ya ganinsa, kuma iskar da ke lulluɓe da duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. Saboda haka dole a kai na'urar awo sama, a kan tauraron ɗan adam.

Ba masana taurari ne suka fara gano ta ba. Bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin bom ɗin nukiliya cikin iska da sararin samaniya, Amurka ta harba taurarin Vela don sa ido kan Tarayyar Sobiyet. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka kama wani haske da bai yi kama da na bom ba. Sai a 1973 Klebesadel da Strong da Olson, na cibiyar Los Alamos, suka buga bayanin walƙiya 16, tare da nuna cewa ba daga duniya ko rana suka fito ba.

Wahalar aikin ita ce madubi ba ya tattara hasken gamma wuri ɗaya, ratsa shi yake yi. Ana amfani da wani ƙanƙararren gishiri mai sheƙi, wanda kan yi ɗan tartsatsi duk lokacin da ƙwayar gamma ta buge shi, na'ura kuma ta ƙidaya tartsatsin. Wannan yana ba da lokaci da ƙarfi, amma da ƙyar yake nuna wajen da hasken ya fito. Dabara ɗaya ita ce kwatanta lokacin isowa: haske na cin kilomita 300.000 a daƙiƙa, don haka idan taurari biyu ko uku masu nisa da juna suka kama walƙiya ɗaya, ɗan bambancin lokacin yana nuna ɓangaren sama.

A nan ne babbar gardama take. Wanda ya hango haske a daji da dare ba zai iya cewa cocila ce a kusa ko fitilar mota ce daga nesa ba. Muddin ba a san nisa ba, ba a san ƙarfin wutar ba. Na'urar BATSE, da aka harba a 1991 a kan tauraron Compton, ta ƙidaya walƙiya fiye da 2.700 zuwa shekarar 2000, kusan ɗaya kowace rana. Ta nuna cewa iri biyu ne, gajeru da ba su kai daƙiƙa 2 ba da kuma dogaye. Ta kuma nuna cewa daga kowane ɓangaren sama suke zuwa daidai wa daida. Da a cikin gungun taurarinmu suke, wanda yake shimfiɗe kamar faifai, da sun taru a layi ɗaya. A ganinmu wannan hujja ce mai ƙarfi, amma har a 1995 Paczyński da Lamb na muhawara a kai a Washinton.

Tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ne ya raba gardama. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 ya kama sauran hasken X da walƙiya ta bari, kamar garwashi bayan wuta, ya ba masu manyan madubai a ƙasa wurin dubawa. A watan Mayu na wannan shekara aka auna nisan wata: haskenta ya yi shekaru miliyoyin dubbai a hanya. Ke nan wasunsu, cikin ƴan daƙiƙu, suna fitar da makamashin da rana za ta fitar tsawon rayuwarta.

Dogayen daga rugujewar manyan taurari suke. Gajerun kuwa an sami shaidarsu ranar 17 ga Agusta 2017, sa'ad da LIGO da Virgo suka ji karon taurarin nutron biyu, tauraron Fermi kuma ya kama walƙiyar bayan daƙiƙa 1,7.

Na'urorin ma suna da iyaka. Walƙiyar 9 ga Oktoba 2022 ta yi ƙarfin da ya kashe wa Fermi ido na ɗan lokaci, sai daga baya aka sake lissafa ƙarfinta. A watan Yuni 2024 Faransa da Sin suka harba tauraron SVOM, mai aika sanarwa ƙasa nan take don a juya madubai kafin garwashin ya mutu.