Kasuwa Ba Rumfa: Teloli Da Masu Zane Na Kaduna Na Neman Masu Saye Ta Intanet

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta layin teloli na Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, a nan Kaduna, cikin goman ƙarshe na watan azumi, ya san irin ƙarar kekunan ɗinki da ke tashi tun daga bayan shan ruwa har zuwa sahur. A cikin watan Maris na 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta rushe wannan kasuwa domin a sake gina ta, kuma kafin watan ya ƙare sai ga dokar hana fita saboda annobar korona. Teloli suka watsu cikin unguwanni, wani ya kafa kekensa a zaure, wani a gindin bishiya. Da yawa daga cikinsu a lokacin ne suka gane cewa abin da ya rage tsakaninsu da masu kawo musu ɗinki shi ne lambar waya kawai.

Tun daga wannan lokaci ciniki ta waya ya zauna da gindinsa a garin nan. A Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Dosa da Kawo akwai 'yan mata da matan aure masu ɗinka abaya da dogayen riguna a cikin gida, su ɗauki hoto su sa a Instagram ko WhatsApp, mai so ya tura kuɗi ta banki, ɗan aike mai babur ya kai masa kaya. Haka samari masu ɗinkin kaftani da masu zanen hoto suke yi. Sai dai wannan ba kasuwa ba ce tukuna, talla ce, domin kowa da shafinsa, kuma wanda bai san sunanka ba ba zai same ka ba. Abin da matasa masu ilmin kwamfuta ke ta tattaunawa a kai shi ne yadda za a tara waɗannan masu sana'a a dandali guda na intanet, inda mutumin Legas ko na London zai shiga ya duba kayan mutum hamsin a zama ɗaya, ya zaɓa, ya biya, hankalinsa a kwance.

Kaduna ba baƙuwar harkar tufafi ba ce. A ƙetaren kogi, a Kakuri, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, har garin ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, ita kuwa United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. A yau yawancin yadin da telan Kaduna ke yankawa daga waje yake zuwa, atamfa daga Sin ta hanyar Kantin Kwari na Kano, shadda mai tsada daga Ostiriya. Abin da ya rage namu shi ne aikin hannu, watau yanka da ɗinki da surfani da ɗinkin hula, kuma shi ne abin da irin wannan kasuwa za ta sayar.

Masu karatunmu da suka tashi a cikin gari ba sa bukatar dogon bayani game da yadda kasuwar intanet ke aiki, domin sun san dillaliya. Ita ce ke ɗaukar zane ko hula daga hannun matar da ba ta fita, ta shiga da shi gida-gida, in an saya ta cire la'adarta ta kawo sauran. Ba ta da jari a cikin kayan, jarinta shi ne an san ta, an kuma yarda da ita a gidajen biyu. To, kamfanin Etsy da aka kafa a birnin New York na Amurka a 2005 domin masu aikin hannu, aikin dillaliya yake yi: bai mallaki ko zare ɗaya ba, yana karɓar ɗan kuɗi a kan kowane kaya da aka baje, sa'an nan ya cire la'ada idan an sayar. A 2022 da ya ɗaga la'adar daga kashi 5 cikin ɗari zuwa 6.5, dubban masu sayarwa sun rufe shafukansu na mako guda don nuna fushi. A nahiyarmu kuma, wani matashi ɗan ƙasar Mali, Moulaye Tabouré, da abokansa sun kafa Afrikrea a 2016 domin sayar da tufafi da kayan ado na Afirka ga mazauna Turai da Amurka, suka zauna a Abidjan, daga baya suka sauya wa kamfanin suna zuwa ANKA. Su kuwa Jumia da Konga, waɗanda suka fara a Legas a 2012, sun fi ƙarfi wajen kayan kamfani irin su waya da talabijin, waɗanda girmansu da siffarsu ba sa canzawa. Rigar da za a ɗinka wa mutum ɗaya bisa awonsa wani al'amari ne dabam.

A nan ne gizo ke saƙar. Gina shafin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, domin ɗalibin da ya iya kwamfuta zai iya haɗa shi, kuma karɓar kuɗi ta kati ya daina zama matsala tun da aka sami kamfanoni irin su Paystack, wanda aka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Abin da ke da wuya shi ne amana. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a rufe waya, ko a aiko masa da abin da bai yi kama da hoton ba. Mai ɗinki kuma yana tsoron alat na bogi, ko ya yanka shaddar dubban Naira sa'an nan mai ita ya ce ya fasa. Maganin da kasuwannin waje suka samo shi ne kasuwa ta riƙe kuɗin a hannunta a matsayin amana, ba za a sakar wa mai sana'a ba sai kaya sun isa. Amma telan Kaduna ya saba karɓar kafin alƙalami domin da shi yake sayen yadi da zare da man janareta. Idan aka ce ya jira sai kaya sun isa Fatakwal, da me zai fara aikin? A ganina duk wanda zai kafa irin wannan kasuwa a nan dole ya raba biyan gida biyu, a saki wani kaso tun farko ga waɗanda aka je aka ga shagonsu ko gidansu ido da ido, a riƙe sauran. Wannan kuwa aikin ƙafa ne, sai an bi layi-layi.

Sai maganar awo. Ni kaina na taɓa yin odar hula ta waya ana saura mako biyu Salla, na faɗi lambar kaina, aka aiko da ita a kan lokaci, aikinta ya yi kyau ƙwarai, amma ta ƙi shiga kai, domin ma'aunin mai ɗinkin da nawa ba ɗaya ba ne. Ƙanena ne ya je Idi da ita. Abin dariya ne a kan hula, amma ba abin dariya ba ne a kan kayan amarya. Turawa sun daɗe da tsayar da lambobin girman tufafi, mu kuwa mun saba da tela ya ɗora mana igiyar awo a kafaɗa. Kasuwar da ke son ɗorewa sai ta tsayar da ma'auni guda ga duk masu ɗinkinta, ta koya wa mai saye yadda zai auna kansa, ta kuma bayyana tun farko wanda zai ɗauki asara idan riga ba ta yi daidai ba. Alƙawarin tela kuwa, wanda ya zama abin barkwanci a kowace Salla, a intanet ba a yafe shi: mai saye ɗaya da aka saɓa wa zai rubuta, dubu su karanta.

Ta fuskar kai kaya, Kaduna na da sa'a, domin tana tsakanin Abuja da Kano. Hanyar da aka fi bi har yanzu ita ce a kai ƙunshi tashar Kawo ko ta Mando a ba direba, a tura wa mai kaya lambarsa. Tana da arha da sauri, sai dai ba ta da rasit ɗin da za a kafa hujja da shi idan kaya sun ɓace. Jirgin ƙasa na Abuja da ke tashi daga Rigasa tun 2016 ya kusanto da masu saye na babban birnin, ko da yake harin da aka kai masa ran 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi watanni. Kada kuma a manta a ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma kasuwar da ke cikin waya ba ta ci ranar da babu sabis. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin aike, faɗuwar Naira ta ƙara kuɗin yadi, amma ita faɗuwar ta sa kayanmu sun yi arha ga mai biya da Dala ko Fam.

Bari mu ɗan yi lissafi, alal misali kawai. A ɗauka ana sayar da hula a kan Naira 20,000, kasuwa na cire kashi 10 cikin ɗari. La'adarta Naira 2,000 ke nan. Sai an sayar da hula 100 a wata kafin a tara Naira 200,000, kuma daga ciki za a biya data da talla da mai ɗaukar hoto da mai amsa ƙorafi. Bugu da ƙari, da zarar mai saye ya ji daɗin aikin wata mai ɗinki, zai nemi lambarta, ciniki na biyu su yi shi a bayan dillali. Wannan ba sabon hali ba ne, dillaliya ma ta san shi. Abin da zai hana shi shi ne kasuwar ta ba da abin da mai ɗinki ba za ta iya samu ita kaɗai ba, kamar rangwamen kuɗin aikawa ƙasar waje saboda an haɗa kaya da yawa, wanda shi ne abin da Afrikrea ya jawo masu sana'a da shi ta hanyar yarjejeniya da kamfanin DHL.

Masu zane sun fi teloli bukatar wannan dandali. Nan kusa da mu, a Zariya, aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958 wadda ta fitar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma har yau Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu zane kowace shekara, kamar yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ke yaye masu tsara tufafi. Amma masu sayen zane da gidajen baje shi yawancinsu suna Legas da Abuja. A nan gida, in ka cire masu sana'ar hannu da ke harabar gidan tarihi na titin Ali Akilu, da bukukuwa na shekara-shekara irin su bajen kolin tufafi da zane na KAFART, wurin da matashi zai rataye aikinsa a gani kaɗan ne. Intanet na ba shi bango, sai dai tana kuma ba ɓarawo dama, domin hoton da aka sa yau gobe ana iya ganinsa a jikin rigar wani. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar da mai aiki zai nemi a cire abin da aka sata daga shafin intanet. Ya kamata kasuwa ta rubuta a fili cewa wanda ya sayi zane ya sayi allon ne ko ƙyallen, bai sayi izinin buga shi a riga ba sai da wata yarjejeniya. Idan kuwa aka yi yarjejeniyar, mai zane da tela za su iya cin moriyar juna: wannan ya zana, wancan ya ɗinka, a raba kuɗin bisa ƙa'ida.

Ga ɗalibai masu sha'awar shiga wannan harka, rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta yi sauƙi, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta shafi duk mai tara sunaye da adireshi da lambobin mutane, kuma mata masu ɗinki a cikin gida ba za su so a baza adireshinsu ba. Su kuwa ma'aikatan gwamnati, ya kamata su tuna cewa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulki na 1999 sun hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ba noma ba, kuma kasancewar shagon a cikin waya bai fitar da shi daga wannan hani ba. Matsayin da ya fi dacewa da su shi ne na masu saye, tun da su ne ke sa kaftani da hula ranar aiki, da babbar riga ranar Juma'a.