Bindigar kwance noti mai araha: Inda take taimakon mai gyaran mota a gida da inda take jawo asara

Duk wanda ya taɓa canza bel ɗin tayimin na Honda Accord ya san noti guda da ke tsayar da aiki cak: wanda ke riƙe da fulin ƙasan inji a bakin karanshaf.

Kan notin milimita 19 ne kacal, amma a yawancin waɗannan injina kamfanin ya ƙayyade a ɗaure shi da ƙarfin niyuton-mita 245, ma'aunin da ake taƙaitawa da Nm. Kwatankwacin a rataya buhun shinkafa mai kilo 25 a ƙarshen sandar da ta kai mita ɗaya ke nan. Idan notin ya shekara yana shan zafi da tsatsa, kwance shi kan buƙaci ƙarfin da ya wuce haka nesa ba kusa ba.

A gareji da yawa, dabarar ita ce a zura bututun ƙarfe a hannun sifana, yara biyu su danna, wani ya shiga mota ya sa giya ya take birki. Wani lokaci notin ya kwance, wani lokaci kuma sifanar ta karye ko kan notin ya side.

Wannan ne ya sa masu motar da ke son yin gyara da kansu ke sha'awar bindigar kwance noti mai aiki da iska, musamman yanzu da ake samun masu sauƙin kuɗi a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Sai dai sayen bindigar rabin aiki ne. Sauran rabin yana ga iskar da za a ba ta, da kuma sanin notin da bai kamata ta taɓa ba.

Yadda take aiki

An fara amfani da irin wannan na'ura a masana'antun Amurka a shekarun 1930, kuma kamfanoni irin su Ingersoll Rand da Chicago Pneumatic ne suka yi suna da ita. Shigarta gidajen talakawa ta zo daga baya, lokacin da shaguna irin su Harbor Freight, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1977, suka riƙa sayar da masu araha ƙirar Asiya ga mutanen da ke gyara motocinsu a ƙarshen mako.

A cikinta akwai ɗan inji da iska ke juyawa da sauri. Injin yana juya guduma ɗaya ko biyu, su kuma suna dukan sandar da ke riƙe da soket sau ɗaruruwa a minti guda.

Wannan dukan shi ne sirrinta. Idan mutum ya danna sifana da hannu, fulin da karanshaf ɗin gaba ɗaya sukan juya su bi shi. Dukan bindiga kuwa gajere ne mai tsanani, yana faɗa wa notin kafin nauyin inji ya motsa.

Iska ce jarin bindiga

Yawancin masu cewa bindiga mai araha ba ta da ƙarfi, iskarsu ce ba ta kai ba.

An ƙera waɗannan bindigogi su yi aiki a kan matsin iska na PSI 90, wato kusan bar 6.2. Amma ana buƙatar wannan matsin ne a bakin bindigar a daidai lokacin da aka danna kunamarta. Agogon tankin kwamfireso zai iya nuna 90, amma da zarar an danna, abin da ke isa bindigar ya faɗi ƙasa sosai saboda tsawon tiyo da ƙuncin mahaɗa.

Bayan matsi akwai yawan iskar, wanda ake aunawa da CFM. A jikin kwalin bindiga mai bakin rabin inci ana yawan rubuta CFM 4 ko 5. Wannan lissafi an yi shi ne bisa cewa za a danna ta na daƙiƙa 15 kawai a kowane minti. Idan aka riƙe ta ba sassautawa, tana shan ninki huɗu na hakan.

Ƙaramin kwamfireso mai tankin lita 24 ba zai iya ciyar da ita haka ba. Abin da zai iya shi ne ya ba ta ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙin farko. Saboda haka mai irin wannan tanki sai ya jira ya cika injin ya tsaya da kansa, ya harba na ɗan lokaci, ya saki, ya sake jira. Ci gaba da duka bayan iska ta ragu ba ya kwance noti, sai dai ya side masa kai.

Tiyo ma yana da tasiri. Siririn tiyo mai faɗin rubu'in inci, irin na hura taya, yana shaƙe bindiga. Mai faɗin inci 3/8, gajere gwargwadon iko, shi ya fi dacewa.

Haka kuma duk sandar ƙarin tsawo da aka sa tsakanin bindiga da soket tana shanye wani ɓangare na dukan. Shi ya sa a kan Honda ake cire tayar gaba da robar da ke bayanta, domin bindigar ta fuskanci notin kai tsaye. Kamfanin Lisle na Amurka har soket na musamman yake yi mai milimita 19, mai kauri da nauyi fiye da na yau da kullum, domin wannan notin. Nauyin yana sa dukan ya isa da ƙarfinsa.

Matsalar wuta

A Arewacin Najeriya akwai wani lissafin da mai saye a Amurka ba ya yi. Injin kwamfireso yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi, ninki da dama na abin da yake ja idan ya riga ya kama. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin da shi ba zai tayar da kwamfireso mai ƙarfin doki biyu ba. Idan kuma wutar layi ta zo da rauni, injin kan yi ta gurnani ba ya juyawa har ya ƙone.

Wannan ne dalilin da ya sa masu faci a bakin titi suka dogara da kwamfireso mai injin fetur. Wanda ba shi da tsayayyiyar wuta, bindiga mai batir za ta iya fi masa sauƙi, ko da kuɗinta ya ɗara na mai iska, tunda ba ta buƙatar tanki ko tiyo.

Notin da bai kamata ta taɓa ba

A nan ne ake tafka asara mafi girma. Bindigar ba ta san iyaka ba, kuma maɓallin rage ƙarfi da ke jikinta ba ma'auni ba ne. Aikinta a kan inji kwancewa ne, ɗaurewa kuma aikin sifanar awo ne, wadda ke yin ƙara idan noti ya kai ƙarfin da aka saita mata.

Bambancin ƙarfin da notuka ke buƙata yana da yawa. Notin tayar Accord Nm 108 ne, na Toyota Corolla 103. Filogi kuwa a injinan Honda da dama bai wuce Nm 18 ba, kuma yana shiga ne cikin kan inji na alminiyam, ƙarfe mai laushi. Harbi ɗaya ya isa ya cinye zaren ramin, daga canza filogi a koma neman mai gyaran zare, ko ma a sauke kan inji.

Notin zubar da baƙin mai da ƙananan notukan famfon ruwa da na murfin inji duk haka suke. Idan ƙaramin noti ya karye a cikin bulok, fitar da guntunsa kan ci yini guda.

Notukan kan inji su ma suna da ƙa'idarsu. Ana ɗaure su ne bi da bi, mataki-mataki, daga tsakiya zuwa gefe, domin gasket ya kwanta daidai. A injinan zamani da yawa an yi su ne su ɗan miƙe yayin ɗauri, kuma ba a maimaita amfani da su. Wanda ya ɗaure su da bindiga zai iya ganin sakamako bayan makonni: mota na zafi, ruwa na haɗuwa da mai.

Kariyar jiki

Soket mai ƙyalli na sifanar hannu bai dace da bindiga ba. Ƙarfensa yana da tauri amma ba ya jure duka, yana iya tarwatsewa guntu ya faɗa ido. Na bindiga baƙi ne mai kauri. Gilashin kare ido wajibi ne, haka ma abin toshe kunne, domin ƙararta ta wuce desibel 85, matakin da yawan jin sa ke lalata kunne.

Akwai kuma ganganci mai kisa: haɗa bindiga da tukunyar iskar oksijin ta masu walda idan babu kwamfireso. Cikin bindigar akwai mai, kuma mai da oksijin mai matsi suna iya kamawa su fashe nan take.

Ita kanta bindigar tana son ɗigon man na'urorin iska kaɗan a bakin shigar iska kafin a fara aiki. Tankin kuma a riƙa buɗe ƙasansa ana zubar da ruwan da ke taruwa, musamman da damina. Ruwan yana cin tankin daga ciki, yana kuma bin tiyo ya sa bindigar tsatsa.

Me ya sa notin fulin ke da muhimmanci?

Ba a kai ga bel ɗin tayimin sai an cire wannan fulin, shi ya sa wahalar notin ke sa wasu su yi ta ɗage canza bel ɗin.

Accord ƙirar 1998 zuwa 2002, wadda ake kira Baby Boy, tana amfani da bel. A ƙirar 2003, wato End of Discussion, mai silinda huɗu ta koma sarƙa, amma mai silinda shida ta ci gaba da bel. Idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, gyaran ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Littafin motar ya ba da wa'adin mil 105,000 ko shekara bakwai. Amma ya rage shi zuwa mil 60,000, kusan kilomita 100,000, ga motar da ke yawan aiki a zafin da ya haura digiri 43, abin da ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu.

Wa ya kamata ya saya?

Ga mai mota ɗaya da ba shi da kwamfireso, idan aka haɗa kuɗin tanki da tiyo da soket da wuta, arahar bindigar ta tafi. Ƙarfen riƙe fuli mai kusurwa shida na milimita 50, wanda aka yi wa Honda musamman, tare da doguwar sifana, zai yi masa aikin ba tare da wuta ba.

Ga wanda ya riga ya mallaki kwamfireso, ko yake kula da motocin haya biyu ko uku, bindiga mai araha za ta biya kuɗinta, muddin ta samu isasshiyar iska. Amma idan kuɗin da ke hannu na kayan aiki ɗaya ne kawai, sifanar awo ce ta cancanci a fara saya.