Turancin Ciniki: Araha Kamar Ƙasa

'Yan'uwanmu masu sayar da citta a Mil 12 ta Ikko, da Sabo ta Badun, da Fatakwal, ga wata magana da ta sha haddasa cacar baki tsakaninku da masu saye. Mutum zai ɗaga citta ya shinshina, sai ya ce, "This thing is as cheap as dirt in Kafanchan." Mai kaya kuwa, da jin kalmar "dirt", sai ransa ya ɓaci, yana zaton an kira hajarsa datti.

To, ba zagi ba ne. A nan "dirt" ƙasa ake nufi, wadda kowa ke takawa ba wanda ya saya. Watau abin da mu muke cewa araha kamar kyauta. Ana gajarta shi a ce "dirt cheap", in an so a ƙara gishiri kuma a ce "cheaper than dirt". Mutanen Ingila su kan ce "as cheap as chips", don soyayyen dankali abincin talakansu ne.

Amma fa a lura, mai faɗin haka neman ragi yake yi, kuma ya san abin da ya sa ya ambaci Kafanchan. Tun da garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, mutanen Kurmi da yawa suka zauna can suna aikin reluwe, suka ga yadda cittar Kachia da ta ƙasar Jaba ke zubewa a kasuwa lokacin kaka. Labarin nan ne 'ya'yansu suka gada. Sai dai ba su gaji labarin kuɗin mota ba, balle na 'yan dako da na masu tare hanya.

Ga amsar da za ku ba shi cikin fara'a: "It is cheap in Kafanchan, but this is Lagos." In ya matsa, ku ce, "It was dirt cheap before, not now." Wannan kuwa gaskiya ce tsantsa, domin a daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa, har iri ya gagari manoma, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Abu guda, kada ku taɓa faɗin "dirt cheap" a kan kayanku da bakinku. A bar wa mai saye ya faɗa. Ku naku shi ne "last price".