IDO BA MUDU BA NE, AMMA YA SAN KIMA

Duk wanda ya taɓa leƙa aji ta taga ya san malaman makaranta iri biyu ne. Akwai wanda da shigarsa sai ya ba yara baya, ya kama alli ya yi ta rubutu har allo ya cika, in ya juyo kuwa idonsa na kan littafi. Akwai kuma wanda ba ya buɗe baki sai ya bi fuskokin yara da kallo, tun daga bencin gaba har na ƙarshe. Mai yiwuwa ne kwaleji ɗaya suka yi, albashinsu kuma ɗaya, amma in aka gwada yaransu a ƙarshen shekara sai a tarar ba ɗaya ba ne.

A makarantar allo wannan magana ba ta da wuya, domin almajirai kewaye da malam suke zaune, kowa kuma sai ya zo gabansa ya biya allonsa. Makarantar boko ita ta zo da jeren benci, wanda ya sa wani kusa, wani nesa. Sa'ad da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka ƙaru ƙwarai. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35, amma a wasu makarantun birane sai a tarar da fiye da 100 a ɗaki guda. A irin wannan taro yaro yana iya shekara bai taɓa haɗa ido da malaminsa ba.

Tarbiyyar gida da ta aji

A nan akwai wani ƙulli da ya kamata mu kwance. A ƙasar Hausa yaron da ya ƙura wa babba ido, mai tsaurin ido ake ce masa. Ladabi shi ne ya sunkuyar da kai. Turawa kuwa sun fi ɗaukar kawar da ido a kan alamar rashin gaskiya ko rashin kula, da yawa daga littattafan koyon aikin malanta kuma a can aka rubuta su. Sai ka ga sabon malami ya daka wa yaro tsawa, ya ce, “Dube ni, ina yi maka magana!” Yaro ya rasa ta yi: a gida an hana shi, a makaranta an tilasta shi. In yarinya ce, abin ya fi tsanani.

Mu a ganinmu nauyin dubawa a kan malami yake. Shi ne zai dubi yaro, ba dole ne yaro ya tsare shi da ido ba. In yaro ya ɗago suka haɗa ido, ya ga fuska a sake, gobe zai ƙara ɗagowa da kansa.

Abin da masu bincike suka gano

A 2002 wata masaniya, Teresa Farroni, da abokan aikinta suka nuna cewa jariri ɗan kwana 5 ko ƙasa da haka ya fi daɗewa yana kallon fuskar da ke dubansa bisa ga wadda ta kawar da ido. Watau tun kafin ɗan Adam ya san magana ya san ana kula da shi.

A 1970 Jacob Kounin, wani malamin jami'a a Amurka, ya fitar da littafi bayan ya ɗauki hoton azuzuwan firamare da na'ura ya yi nazarinsu. Ya tarar ba tsananin horo ne ke raba aji mai natsuwa da mai hayaniya ba. Abin da ke raba su shi ne yara su tabbata malam yana sane da abin da ke gudana a kowane lungu, in kuma zai tsawata, ya tsawata wa mai laifin tun abin bai bazu ba. A wannan shekara kuma Adams da Biddle suka nuna cewa yawancin maganar malami da yara tana tsayawa ne ga na gaba da na tsakiya, na gefe da na baya sai su zama 'yan rakiya.

Mary Budd Rowe kuwa, a 1972, ta auna lokacin da malami ke jira bayan ya yi tambaya, ta tarar bai wuce kamar sakan 1 ba, kuma an fi gajarta wa yaran da ake ɗauka ba su da ƙoƙari. Da aka koya wa malamai su jira sakan 3 ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu shiru suka soma magana. To, mene ne jira in ba malami ya bar idonsa a kan yaro cikin haƙuri ba?

Amma fa kada a wuce gona da iri. Gwyneth Doherty-Sneddon da abokan aikinta a Jami'ar Stirling ta Birtaniya sun nuna a 2006 cewa yara 'yan shekara 5 da aka koya musu kawar da ido sa'ad da suke tunani sun fi ba da amsa daidai. Ashe yaron da ya dubi rufin ɗaki bayan an yi masa tambayar lissafi, sau da yawa aiki yake yi. Wanda ya ce masa “dube ni” a lokacin nan ya katse masa hanzari.

Abin da ya kamata a yi

Malami ya rage rubutu mai tsawo yana ba yara baya; ya rubuta layi biyu ya juyo. In yana kiran rajista, ya ɗaga kai ya dubi mai sunan. Ya riƙa zagawa tsakanin benci, ya kuma riƙa canja wa yara wurin zama, don kada baya ta zama gadon wasu. Ya bambanta kallo da harara, domin harara tsoro take haifarwa, mai tsoro kuwa ba ya koyo. Labarin zuciya a tambayi fuska: da ido ne zai gane wanda bai karya kumallo ba, da mai zazzaɓi, da mai ƙanƙance ido don ba ya hango allo, da mai karkata kai don kunnensa ba ya ji sosai. Yara nawa aka yi wa tambarin daƙiƙanci alhali tabarau kaɗai suke bukata?

Malaman ofis ma maganar ta shafe su, domin su ne iyayen yaran. Sun kuma san yadda mutum ke ji in ya tsaya gaban tebur, mai tebur bai ko ɗaga kai daga fayil ba. Haka yaron bencin baya yake ji kullum, shekara 6 cur. Gini da littattafai sai an nemi kuɗi, wannan kuwa ba ya cin ko kwabo. Gobe da safe, kafin malam ya ɗauki alli, ya dubi bencin ƙarshe tukuna.