Teku Da Kifinta: Tantance Sahihi Daga Ƙagagge

Ko da yake tsakanin Daura da bakin teku a Legas akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, maganar teku ba ta rasa masu yin ta a majalisun Daura, musamman tun da kifin ƙanƙara ya yi tsada; kuma da yake zancen baka ba ya zuwa da isnadi, ya kyautu a bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malaman hadisi kan yi wa ruwaya, a fitar da sahihi, a ajiye mai rauni, a yar da ƙagagge.

Magana ta farko ita ce wai abin da ya sami teku bai shafi mai noman gero a Zango ko Ɓaure ba. Wannan ɓatacciya ce, domin ruwan damina da muke shuka da shi iska ce ke ɗauko tururinsa daga Tekun Atlantika, kuma masana sun tabbatar da cewa sauyawar ɗumin ruwan tekuna na daga cikin sabubban farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a ƙasashen Sahel a 1973 da 1984.

Ta biyu, wai ruwan teku na ƙara zafi har kifi na ƙaura. Wannan sahihiya ce, gama teku ce ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ke tsarewa a duniya, tana kuma haɗiye kimanin rubu'in iskar kabon da ake fitarwa, abin da ke ƙara wa ruwanta tsami, ya raunana murjani da halittu masu ɓawo. Kifin titus, wanda ake soyawa a gidajenmu, ya fara yawaita a ruwan Ayislan mai sanyi a wajen 2007, har rabonsa ya haddasa husuma tsakanin wannan ƙasa da Nowe da Tarayyar Turai.

Ta uku, wai sauyin yanayi ne kaɗai ya tsauwala farashin kifi. Wannan mai rauni ce, saboda akasarin kifin ƙanƙara daga ƙetare ake shigo da shi da kuɗin waje, kuma faɗuwar darajar naira da tashin kuɗin mota tun 2023 sun fi kusa da aljihun mai saye. Ga kuma masana'antun birnin Nuwadibu na Muritaniya, waɗanda ke niƙe ƙananan kifaye su mai da su abincin dabbobi da na kifin kiwo, alhali talakan Afirka ta Yamma na bukatarsu a tukunya.

Ta huɗu, wai teku ta fi ƙarfin a ƙarar da abin da ke cikinta, don haka tattali ɓata lokaci ne. Wannan ƙagaggiya ce, kuma tarihi ya ƙaryata ta, domin a 1992 Kanada ta haramta kamun kifin kwad a gabarta ta gabas bayan da israfi ya kusan shafe shi, masunta dubbai suka rasa sana'a. A ɗaya ɓangaren kuma, Muritaniya ta keɓe gaɓar Bank Dargin tun 1976, inda kifi ke hayayyafa, aka taƙaita kamun kifi a wurin ga kabilar Imragen da jiragensu na filafilai.

Hukuncin da ya hau kan teku shi ne ya hau kan madatsun ruwanmu na Sabke da Daberam: idan zafi ya ƙaru, ruwa ya ja baya, to kamun 'ya'yan kifi da taru mai ƙananan ido, ko zuba magani a ruwa, cin amana ne da ya wajaba sarakunan ruwa da masunta su haɗu su hana, tun da wannan ɓangaren na matsalar a hannunmu yake.