Abin da Kan Rage a Jiki Bayan Aikin Tsakuwar Ƙoda

Aikin fitar da tsakuwa daga ƙoda ya sauya ƙwarai cikin shekaru hamsin da suka wuce. A da sai an tsaga kwiɓi. A 1976 aka fara huda ƙaramar kafa ta baya a shiga cikin ƙoda da bututu mai madubi, a 1980 kuma likitoci a birnin Munik na Jamus suka fara farfasa tsakuwa da na'ura daga wajen jiki ba tare da yanka ba. Akwai kuma hanyar bi ta mafitsara a haura siririn bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Hanyoyin nan sun rage wahala da kwanakin jinya, sai dai kayan aikinsu sirara ne, kuma siririn abu yakan karye ko ya gutsure.

Abubuwan da kan gutsure sanannu ne. Akwai wayar da ake fara zurawa don ta yi wa sauran kayan jagora. Wani lokaci bakin allura kan kankare fatar da aka lulluɓe ta da ita. Akwai ƙaramin kwandon waya da ake cafko tsakuwa da shi, wanda kan maƙale idan tsakuwar ta fi hanyar girma. Akwai zaren gilashi mai ɗauke da hasken lesa, wanda bakinsa kan ɓalle, shi kuma hasken yana iya datse waya ko kwandon idan ya taɓa su. A aikin yanka kuwa, auduga ko bandeji ne abin tsoro. Irin wannan ba ya faruwa sosai, kuma galibi likita kan lura nan take ya ciro guntun kafin a fito daga ɗakin tiyata.

Abin da ya fi jawo matsala shi ne robar da aka bari da gangan aka manta da ita. Bayan yawancin irin waɗannan ayyuka, likita kan sa wata siririyar roba mai tsawon santimita 22 zuwa 30, mai lanƙwasa a kowane baki, ɗaya a cikin ƙoda, ɗaya a mafitsara. Likitoci na kiranta sitent ko DJ, kuma tun 1978 ake amfani da wannan siffa tata. Aikinta shi ne ta bar wa fitsari hanya yayin da kumburi ke saɓewa. Galibi ba a ganinta daga waje, saboda haka majinyacin da aka yi wa bayani a gurguje, ko aka yi wa ɗan rakiyarsa, yakan koma gida da zaton an gama. Wanda ya zo daga ƙauye mai nisa, da wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ya dawo, da wanda kuɗin komawa ya gagara, su ne suka fi faɗawa wannan hali. Ka'ida ita ce a cire robar bayan 'yan kwanaki ko makonni. Wanda lalurarsa ke buƙatar ta daɗe, ana canja masa bayan wata uku zuwa shida, mace mai ciki kuwa bayan mako huɗu zuwa shida.

Fitsari na ɗauke da gishirin da ke haifar da tsakuwa tun farko, kuma duk baƙon abin da ya zauna a cikinsa gishirin kan taru a kansa, kamar farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi. Wani bincike da aka yi a birnin Riyadh aka buga a 1991 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na robobin da aka cire kafin mako shida ne suka yi irin wannan ɓawo, amma waɗanda suka haura mako goma sha biyu, kashi 76 cikin ɗari sun yi. Ƙwayoyin cuta ma kan manne a jikin robar su yi wa kansu rufi, har maganin kashe su ya kasa kai musu. Idan shekaru suka ja, robar kan bushe ta kakkarye, sabuwar tsakuwa ta girma a bakunanta biyu, hanya ta toshe, ƙodar ta kumbura ta mutu a hankali, wani sa'in ba tare da ciwon kirki ba.

Alamomin da ya kamata su mayar da mutum asibiti sun haɗa da ciwon kwiɓi ko mara da ya ƙi ƙarewa, jini a fitsari, zafin fitsari da ke dawowa da zarar an gama shan magani, fitsari mai wari, ko fitar wani guntun roba ko waya. Zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi ga wanda aka taɓa yi wa wannan aiki lamari ne na gaggawa, domin mugunya ce mai yiwuwa ta taru a ƙodar da ta toshe, tana kuma iya shiga jini cikin sa'o'i. Kuskure ne babba a tsaya a kemis ana maganin maleriya ko taifot.

Hoton eksire na nuna roba da waya, sikanin na nuna kumburin ƙoda, hoton CT kuma shi ne ke fayyace wurin guntun da girman tsakuwar da ta kewaye shi. Idan akwai ƙwayoyin cuta, su ake fara magancewa, a kuma buɗe wa fitsari hanya ta baya idan ta toshe. Robar da ba ta wuce lokacinta ba aikin 'yan mintuna ce, da madubi ta mafitsara, sau da yawa ba sai an sa mutum barci ba. Wadda ta yi ɓawo ba a fizgarta da ƙarfi, don tana iya yaga bututun fitsarin. Sai an farfasa tsakuwar da ke jikinta da lesa ko na'ura, ko a shiga ta baya, kuma aikin kan kai zama biyu ko uku. Ƙodar da ta riga ta mutu, idan tana ruɓewa, cire ta ake yi. Babu jiƙo ko sassaƙe ko yawan shan ruwa da ke narkar da roba ko ƙarfe.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙirga kayan aiki da allurai da bandeji cikin sharuɗɗan kammala tiyata, kuma wajibi ne likita ya faɗa wa majinyaci idan wani abu ya karye ya rage, ya rubuta a fayil. Ɓoye wannan cin amana ne. Wanda ya san akwai guntun ƙarfe a jikinsa ya sanar kafin a yi masa hoton MRI. Shi kuma majinyaci da danginsa, kada su bar asibiti sai sun tambaya ko an sa roba, a wane ɓangare, da ranar cire ta, a kuma rubuta musu a takardar sallama. Wanda aka yi wa aikin tsakuwar ƙoda a baya, bai kuma tuna ranar da aka cire masa roba ba, ya je a yi masa eksire ko da ba ya jin ciwon komai.